ZARE: Albarushi ne ke ɓata saiti ko bututu? Tarihin bindigar toka daga Wurno zuwa Tursa

1/ Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin mafarauta da masu gadin gari a yankinmu, daga Tursa da Gandi har Rabah, Wurno da Goronyo. Wai me ke sa bindigar toka ta ƙi saiti? Wasu sun ce albarushin gargajiya ya tsufa, a koma garin da ke cikin harsashin zamani. Wasu sun ce ko kusa. Ku biyo ni, tarihi yana da ta cewa.

2/ Ga amsar tun da wuri, don wanda ba zai kai ƙarshe ba. Albarushi yana da nasa laifin, amma babban laifin na bututu ne, da harsashi, da awo. Wanda ya canja gari ya bar bututun yadda maƙeri ya ba shi, bai ƙara saiti ba. Hannunsa da idonsa kawai ya sa a caca. Yanzu sai hujja.

3/ Wace bindiga muke nufi? Wadda ake ɗura wa ta baki: a zuba albarushi, a tura tsumma, a sa darma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Wasu su ce bindigar toka, wasu baushe, wasu harba-ka-ruga. Wannan suna na ƙarshe ya gama bayani. In ka harba sau ɗaya ka kuskure, ƙafarka ce makaminka na biyu.

4/ Kalmar albarushi daga Larabci ta zo mana, daga barud. Abu uku ne ke cikinsa: gawayi, farar wuta, da wani gishiri da 'yan kimiyya ke kira fotasiyam naitiret. A ƙasar Sin aka fara haɗa shi wajen ƙarni na 9. Kafin ƙarshen ƙarni na 13 wani masani a Sham, Hasan al-Rammah, ya riga ya rubuta yadda ake tace wannan gishirin.

5/ Halinsa biyu ne suka shafe mu. Na farko, ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabin nauyinsa hayaƙi da toka yake komawa, tokar kuma ta manne a cikin bututu. Harbi na biyar ba ya tarar da bututun da na farko ya tarar. Na biyu, yana shan laima. Duk wanda ya yi damina a fadamar Rima ya san abin da laima ke yi wa gishiri a kwano.

6/ Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasashen nan. A 1591 sojan Maroko ƙarƙashin Judar Pasha suka karya daular Songhai a Tondibi da irin waɗannan bindigogi. A Borno, Mai Idris Alooma ya kawo Turkawa masu harbi tun ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

7/ To amma ga abin lura. Da aka zo jihadi, a Tabkin Kwatto a 1804, ba bindiga ce ta ba jama'ar Shehu nasara ba. 'Yan baka ne suka tare dawakin Gobir masu lifidi. Haka aka tafi har faɗuwar Alkalawa a 1808. Baka da kwari, mashi, takobi da doki, su ne suka kafa daular Sakkwato.

8/ Muna da shaidar wanda ya gani da ido. Baturen nan Hugh Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Konya, garin Gobirawa, a Oktoban 1826. Ya ƙiyasta mayaƙan sun kai dubu 50 zuwa 60. Bindigogin da ya gani a hannunsu kuwa 40 ne da 'yan kai. Ku sake karanta lissafin nan.

9/ Ya kuma bayyana yadda masu bindigar ke yi: mutum ya matso kusa da ganuwa, ya harba, ya ruga baya inda kibiya ba ta kai, ya sake ɗuri. Kun ga harba-ka-ruga tun shekara 200 ke nan. Sannan ya ce bindiga ɗaya tak da ke cikin garin ta yi ɓarna, har ta kayar da na gaba cikin 'yan lifidi.

10/ Me ya bambanta bindiga ɗaya ta cikin gari da 40 na waje? Albarushinsu iri ɗaya ne. Na ciki yana bayan ganuwa, yana da wurin jingina bututu, yana jira sai abokin gaba ya matso. Na waje yana harbi a tsaye, yana haki, kibiya na zuba. Tun a nan za ku ga saiti ba a cikin gari kaɗai yake ba.

11/ Kada wani ya ce Bello bai san darajar bindiga ba. Ya sani sarai. Cikin abin da ya nema daga Ingila ta hannun Clapperton har da igwa da albarushi. Matsalar nisa ce. Daga arewa sai kaya sun ƙetaro Sahara daga Tarabulus. Daga kudu sai sun ratsa ƙasar Yarbawa da Nupe, kowane sarki a hanya yana tsame nasa.

12/ Abin da ke isowa ma ba na kirki ba ne. Bindigogin fatauci da ake ƙera wa Afirka a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam masu araha ne, da yawansu ba a gwada ƙarfin bututunsu ba. Ofishin gwajin bututu na Birmingham sai 1813 aka kafa shi. Turawa na kiran irinsu bindigar Denmak, saboda fataken Denmak da ke sayar da su a gaɓar tekun Gana ta yau.

13/ Albarushin fatauci shi ma haka. Ya fi na soja rauni, ga doguwar tafiya a ganga cikin laimar teku da ta kogi. Mai harbi ya ga ba ƙarfi, sai ya ninka awo. Ran da ya dace da gari mai kyau ya zuba wancan awon, bututu ya tsage. Araha ba ta ado. Fashewar bindiga a hannu tsohuwar cuta ce, ba yau ta fara ba.

14/ Yanzu ku sa kanku a matsayin mai tsare ribaɗi. Bello ya gina Wurno don ta zama garkuwar Sakkwato ta fuskar Gobir, can ya zauna, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Wa za ka ɗora a kan ganuwa? Ɗan baka yana sakin kibiya da yawa kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Ƙwararren sojan Turai ma sau 3 yake harbi a minti.

15/ Ga kibiya ba ta jiran ayari. Maƙerin gari ya ƙera kanta, kyauro yana fadama, dafin kwankwani yana daji. Ba hayaƙin da zai tona inda kake. A tazarar da ake gwabzawa lokacin, baka ya fi bindigar fatauci tabbas. Kakanninmu ba ƙin zamani suka yi ba, lissafi suka yi, kuma lissafin ya fita.

16/ To me ya sa bindigar ba ta da tabbas? Amsar ta fito tun 1742, daga wani masanin lissafi na Ingila, Benjamin Robins. Ya jera takardu a tsaye, ya yi harbi ta cikinsu, ya auna hujin kowace. Sai ya ga harsashin ba ya tafiya miƙe. Lanƙwasa yake yi, wani dama, wani hagu, ko da awon albarushin bai canja ba.

17/ Dalili shi ne cikin bututun sumul yake, harsashin kuma dole ya fi shi ƙanƙanta don ya shiga ta baki. In an harba sai ya riƙa dukan bango yana fita, ya fito yana juyi ta inda ya ga dama. Kun san yadda ɗan ƙwallo ke yanka ta gefe ta yi kwana? Haka ne, sai dai a nan ba wanda ya zaɓi gefen. Shi ya sa bayan mita 70 zuwa 100 sai sa'a.

18/ Maganin da aka samo ba sabon gari ba ne. Tsaga aka yi a cikin bututu, mai murɗewa kamar igiya, don harsashi ya fito yana juyi a kan hanya ɗaya. Wajen 1849 wani hafsan Faransa, Minié, ya fito da harsashin da ke shiga ta baki cikin sauƙi, in an harba gindinsa ya buɗe ya kama tsagar. Albarushin bai canja ba, tazarar ta ninka sau da yawa.

19/ Ga hujjar da ta fi ƙarfi. A 1874 aka yi gasar harbi a Creedmoor ta Amurka, tsakanin Amurkawa da 'yan Ailan, a tazarar yadi 800, 900 da 1000. 'Yan Ailan da bindigogin Rigby masu ɗuri ta baki suka zo. Aka tashi 934 da 931, Amurka ta ci da maki 3. Duka ɓangarorin baƙin albarushi suka ƙona. Yadi 1000 ya haura mita 900, jama'a.

20/ Wato garin da ake zagi a majalisa cewa ya tsufa, shi ne ya kai harsashi kusan kilomita guda ya sami allo. Abin da waɗancan ke da shi: bututu mai tsaga, harsashi mai nauyi ɗaya, gari mai ƙwaya ɗaya, awo ɗaya kowane harbi. Sirrin ke nan. Harbi na yau ya zama ɗan'uwan na jiya.

21/ Mu dawo gida. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta ƙaru a ƙasar Hausa. Masaba na Bida, 1859 zuwa 1873, ya tara ta daga fataken Turawa na Kwara. Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a Zinder. Rabeh ya ci Borno a 1893 da rundunar 'yan bindiga. A masarautu, bayin sarki aka fi damƙa wa ita.

22/ Ana cikin haka Turai ta sake tsalle. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa gari marar hayaƙi, ƙarfinsa ya ninka na albarushi wajen sau 3. A 1886 bindigar Lebel ta fito dominsa. A 1889 Ingila ta samu nata, kodayit. Wannan shi ne kakan garin da ke cikin harsashin zamani. Ku riƙe wannan: sabon gari, sabon bututun ƙarfe aka yi masa.

23/ Sai suka rufe ƙofa. Yarjejeniyar Brussels ta 2 ga Yulin 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa 22 kudu. Sakkwato tana wajen digiri 13, cikin yankin. Abin da aka bari a sayar: bindiga mai ƙanƙara marar tsaga, da albarushin fatauci. Da gangan aka bar mu da baushe.

24/ Sakamakon ya bayyana ran 15 ga Maris 1903 a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da dubban mayaƙa, Kanar Morland da 'yan ɗaruruwa, amma da bindigogi masu tsaga masu ɗuri ta baya, da Maxim, da igwa. Ba a yi awa biyu ba. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Tazara ce ta yi yawa, ba a kai ga haɗa jiki ba.

25/ Ko da a ce an raba wa mayaƙan Giginya garin kodayit a ranar, ba abin da zai canja sai yawan bututun da za su fashe. Abin da ke hannun Bature tsari ne cikakke: bututu, harsashi da gari duk an auna su tare a masana'anta. Ba a cire ɗaya a liƙa wa wani. Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yulin 1903. Allah ya jiƙansu.

26/ Bayan nan bindigar toka ta koma hannun mafarauci, mai korar tsuntsu a gona, da 'yan bindigar sarki da ke buga ta ran hawan sallah. Ku duba yadda kalma ke juyawa. Da can in an ce 'yan bindiga, mutanen fada ake nufi, masu ƙara wa hawa armashi. Yau in aka faɗe ta a Rabah ko Goronyo, gaban kowa sai ya faɗi.

27/ Doka ma ta ware ta. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, masu ɗuri ta baki suna aji na uku, kuma sha'aninsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Rabon da Brussels ta yi a 1890 bai mutu ba, riga kawai ya sake.

28/ To, shin babu garin da aka yi musamman don maye gurbin albarushi a irin wagga bindiga? Akwai. A Amurka, inda farauta da bindigar ɗuri ta baki ke da lokacinta a shekara, an fito da Pyrodex a 1975. Daga baya Triple Seven da Blackhorn 209 suka biyo. Ku lura, waɗannan dabam suke da garin harsashin zamani. An yi su ne su kwaikwayi ƙarfin albarushi.

29/ Me ya sa aka yi su? Ba don saiti ba. Albarushi yana kama wuta da ɗan tartsatsi, don haka dokar ajiye shi da ɗaukarsa tana da tsauri, shaguna da yawa ba sa son sa. Sabbin sun fi wuyar kamawa, sun fi sauƙin sayarwa, wasunsu sun rage toka. Duk da haka ba wasa ba ne: Dan Pawlak, wanda ya ƙirƙiro Pyrodex, ya mutu a fashewar masana'antarsa a 1977.

30/ Wuyar kamawar nan kuma ita ce aibinsu. A bindiga mai ƙanƙara sukan yi jinkirin tashi ko su ƙi. Jinkirin ƙiftawar ido tsakanin jan kunama da fitar harsashi ya isa hannu ya motsa. A sabbin bindigogi masu tsaga da aka ƙera dominsu suna saiti da kyau. A tsohon ƙira, albarushi bai bar musu wuri ba.

31/ Shaida: ƙungiyar MLAIC, mai shirya gasar duniya ta bindigogin ɗuri ta baki tun kafuwarta a 1971, baƙin albarushin masana'anta kaɗai ta yarda da shi. Manyan maharba suna neman na Aubonne a Suwizalan, masana'antar da ke aiki tun 1853. Abin da suke saye a can shi ne daidaito: gwangwanin bana kamar na bara.

32/ Yanzu ku auna wannan da abin da ke hannun ɗan'uwanmu a ƙauye. Bututu daga fayif ɗin ruwa ko wani ƙarfen mota, ba tsaga, ba wanda ya gwada ƙarfinsa. Harsashi yau darma, gobe guntun ƙusa. Awo da tafin hannu, cikin duhu. Gari ya kwana a laima. Abu huɗu ke rawa. In ka canja ɗaya, ukun suna nan suna rawarsu.

33/ Kuma canjin da ake yi shi ne mafi muni. A fasa harsashin zamani a juye garinsa, ko a kankare kan ashana a zuba. Garin zamani yana tara matsi fiye da abin da fayif zai ɗauka, kuma ba ya gargaɗi. Kamfanonin da ke ƙera bindigar ɗuri ta baki da ƙarfe mai kyau ma suna rubuta hani a jikin bututun. Balle namu. In ya tsage, ta wajen fuska da hannun hagu yake fita.

34/ Na san abin da ke tura mutane ga haka, ba ganganci ba ne. Tun harin Tabanni a gundumar Gandi a Yulin 2018, zuwa na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 da ya ci rai fiye da 40, mutanenmu ba su yi barci da ido biyu rufe ba. Dajin Gundumi da Barth ya ratsa a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Wurno yana fargabar mahara, yau ma sunansa ke nan.

35/ Mutum yana tsaye bakin gari da baushe, na gabansa yana da AK-47 mai harsashi 30 a gida ɗaya, mai kai mita 300. Dole ya yi tunanin yadda zai ƙara wa tasa ƙarfi. Amma tazarar nan irin ta Giginya ce. Babu garin da zai cike ta. Wanda ya ce maka akwai, ganin kitse yake sa ka yi wa rogo.

36/ Abin da tarihin Wurno ya nuna shi ne, ribaɗi bai tsaya da ƙarfin makami ɗaya ba. Ganuwa ce, da garuruwa masu jin kiran juna, da masu kai labari da wuri, da hukuma da ke zaune a bakin iyaka ba a nesa ba. Sarkin Musulmi da kansa ya tare a can. Cike tazarar makami aikin gwamnati ne da jami'anta, ba na maƙerin ƙauye ba.

37/ Ga mafarauci kuwa, in bindigarka ta ƙi saiti, kafin ka zargi gari ka tambayi kanka: yaushe na wanke bututu? Tokar albarushi tana jan ruwa, tana cin ƙarfe daga ciki, ido bai gani. Bututun da tsatsa ta ci, ko da garinsa na asali yana iya tsagewa. Wanda ya tsufa a ajiye shi. Yatsa ba ya tsirowa.

38/ Roƙona na ƙarshe ga matasanmu masu waya. Sarakunan baka da tsofaffin maƙera na Tursa, Kurya, Rarah da Achida suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, da sunayen sassan bindiga, da kirarin farauta, da labarin wanda ya fara kawo ta garinsu. Ku zauna da su ku naɗa. Clapperton ya rubuta abin da ya gani a rana ɗaya, muna ta amfani da shi shekara 200.

39/ Nan zan tsaya. Wanda ya san wani suna da ake kiran wagga bindiga a garinsu, ko ya ji daga kakansa yadda 'yan bindigar Wurno suke a da, ya ajiye mana a ƙasa mu ƙaru. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da baushe. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da na hannun mahara, ya dawo mana da zaman lafiya a gabashin Sakkwato. Amin.